Tambayoyin Masu Karatu: Raymond Barre, Farfesan da ya Riƙe Gwamnatin Faransa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku a sashen nazarin tattalin arziki na wata jami'a a Kano. A ajinmu ana yawan gardama a kan ko matsalolin ƙasa za su warware idan aka damƙa ragamar gwamnati a hannun masanin tattalin arziki maimakon ɗan siyasa. Malaminmu ya ce an taɓa gwada haka a Faransa, inda aka ɗauko farfesan da bai taɓa tsayawa takara ba aka naɗa shi firaminista, amma lokacin darasi ya ƙare bai yi mana bayani ba. Wane ne wannan mutum, ta yaya ya kai ga wannan muƙami, kuma ilminsa ya amfani ƙasarsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Mutumin da malaminku yake nufi shi ne Raymond Barre, wanda Faransawa suke furta sunansa kamar Remon Bar, kuma ya riƙe muƙamin firaminista daga watan Agusta na 1976 zuwa watan Mayu na 1981. Tambayarki ta ƙarshe ba irin wadda ake amsawa da e ko a'a ba ce, don haka sai ki yi haƙuri mu ɗauko labarin daga tushe.

An haife shi ranar 12 ga Afrilu 1924 a birnin Saint-Denis na tsibirin Reuniyon, wani yanki na Faransa da ke cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska. A can ya yi ƙuruciyarsa da karatun sakandare, kuma sai a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya isa Paris, inda ya karanta shari'a da tattalin arziki, ya kuma shiga makarantar nazarin siyasa da ake kira Sciences Po. A wancan zamani duk mai son zama farfesa a wannan fanni sai ya shiga wata gasa ta ƙasa baki ɗaya, inda 'yan takara suke gabatar da darussa a gaban kwamitin manyan malamai, a ɗauki kaɗan a bar masu yawa. Barre ya ci wannan gasa a 1950 yana da shekara 26. Aka ba shi kujera a jami'ar Caen, amma shekarunsa na farko na koyarwa a Tunis ya yi su, lokacin Tunisiya tana ƙarƙashin Faransa, kafin ya koma Caen, daga bisani kuma Paris.

Abin da ya fito da sunansa shi ne littafin koyar da tattalin arziki mai juzu'i biyu da ya wallafa a tsakiyar shekarun 1950, mai suna Économie politique. An yi ta sake buga littafin shekara da shekaru, har ɗalibai suka daina kiransa da sunansa, sai dai su ce "Barre" kawai, kowa ya san abin da ake nufi. Ki lura da wannan, domin yana da tasiri a abin da zai biyo baya: lokacin da ya zama shugaban gwamnati, da yawa daga cikin manyan ma'aikatan da suke kawo masa fayil a littafinsa suka koyi sana'arsu.

Ba daga aji ya yi tsalle ya faɗa fadar gwamnati ba, kuma wannan shi ne ɓangaren da masu ba da labarinsa suka fi mantawa. A 1959 Jean-Marcel Jeanneney, ministan masana'antu a zamanin shugaban ƙasa Janar de Gaulle, wanda shi ma farfesan tattalin arziki ne, ya ɗauke shi ya shugabanci ofishinsa, ya kuwa riƙe aikin har 1962. A 1967 de Gaulle ya tura shi Brussels ya zama mataimakin shugaban hukumar Kasuwar Tarayyar Turai mai kula da tattalin arziki da kuɗi, lokacin ƙungiyar tana da ƙasashe shida kacal, ya zauna a can har farkon 1973.

A Brussels ɗin ne aka fara ganin halinsa. Bayan boren ɗalibai da yajin aikin gama-gari na watan Mayu 1968, an ƙara mafi ƙarancin albashi a Faransa da kusan kashi 35 cikin 100, masu kuɗi kuma suka riƙa fitar da dukiyarsu suna sayen mak, kuɗin Jamus na lokacin. Zuwa watan Nuwamba, bayan wani taron ministocin kuɗi a birnin Bonn, jaridu da bankuna sun riga sun sakankance cewa za a karya darajar faran, kuɗin Faransa na lokacin, abin da ake jira kawai shi ne sanarwa. Barre na cikin 'yan ƙalilan da suka ba de Gaulle shawarar kada ya yi, bisa hujjar cewa karya darajar kuɗi ba tare da an gyara kasafi da farashi ba jinkirta ciwo ne kawai. Sanarwar da ta fito daga fadar shugaban ƙasa ta ce darajar faran tana nan yadda take. Gaskiya ne cewa a watan Agusta na 1969, bayan de Gaulle ya sauka, gwamnatin magajinsa Pompidou ta karya darajar da kimanin kashi 11 cikin 100. Amma tun a watan Fabrairu na wannan shekara Barre ya gabatar wa ƙasashen shida wata takarda da ta ɗauki sunansa, wadda ta nemi su riƙa tuntuɓar juna kafin yanke manyan hukunce-hukuncen tattalin arziki, manyan bankunansu kuma su riƙa agaza wa wadda kuɗinta ya shiga matsi. Daga wannan takarda aka wuce zuwa rahoton Pierre Werner, firaministan Luksambur, na 1970, wanda ya zana hanyar samar da kuɗin bai ɗaya.

A watan Janairu na 1976 Shugaba Valéry Giscard d'Estaing ya naɗa shi ministan cinikin ƙasashen waje. Wata bakwai bayan haka firaminista Jacques Chirac ya ajiye aiki cikin fushi, yana cewa ba a ba shi ikon da zai gudanar da aikinsa ba, sai Giscard ya kira Barre ranar 25 ga Agusta, ya gabatar da shi ga jama'a a matsayin ɗaya daga cikin mafi ƙwarewar masana tattalin arzikin Faransa. Tsarin mulkin ƙasar bai wajabta firaminista ya zama ɗan majalisa ba, shi ya sa hakan ya yiwu. Barre ya haɗa da muƙamin ministan tattalin arziki da kuɗi ya riƙe da kansa har 1978.

Ƙasar da aka miƙa masa tana cikin mawuyacin hali. Farashin man fetur ya ninka sau huɗu tun ƙarshen 1973, ga shi Faransa kusan duk man da take ƙonawa daga waje take saye. Hauhawar farashi tana kusan kashi 10 cikin 100 a shekara, faran ya fice daga tsarin daidaita canji na Turai a watan Maris, marasa aikin yi sun kusa miliyan ɗaya, sannan ga mummunan fari da ya afka wa manoma a wannan shekarar. Ranar 22 ga Satumba 1976 ya sanar da shirinsa. An daskarar da farashin kayayyaki har ƙarshen shekara, an nemi kada ƙarin albashi ya wuce hauhawar farashi, an ƙara haraji a kan masu babban samu domin a tallafa wa manoman da fari ya shafa, aka kuma rage harajin sayen kaya daga kashi 20 zuwa 17.6 cikin 100 daga watan Janairu na 1977, don kada farashi ya yi tsalle da zarar an sake shi. Ya kuma sanya iyakar da yawan kuɗin da ke yawo a ƙasa zai ƙaru a shekara, wanda darasi ne da na tabbata kun ci karo da shi a aji.

Tunaninsa a bayyane yake, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: ƙasa ba za ta ci abin da ba ta noma ba, kuɗi mai daraja zai tilasta wa kamfanoni su gyara aikinsu maimakon su jira a karya musu darajar faran su sami kasuwa, kuma ribar kamfani ita ce jarin da zai haifar da aikin yi gobe. Bayan ɓangarensu ya ci zaɓen 'yan majalisa na watan Maris 1978, wanda da yawa suka zaci 'yan gurguzu ne za su lashe, kuma a cikinsa ne shi kansa ya fara tsayawa takara ya ci kujerar majalisa a Liyon, sai ya sami ƙarfin yin abin da ya fi so. Shi da ministansa René Monory suka cire hannun hukuma daga ƙayyade farashin kayan masana'antu. A watan Agusta na 1978 aka sakar wa masu gasa burodi mara su sa farashinsu, abin da doka ta ba hukuma ikon ƙayyadewa tun 1791. Wanda ya san matsayin burodi a gidan Bafaranshe, da ake sayo shi da ɗuminsa kowace safiya, zai gane cewa wannan mataki ya shiga kowane gida, kuma da farashin ya tashi kowa ya san wanda zai ɗora wa laifi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne masana'antar ƙarfe. Manyan kamfanonin ƙarfe sun nutse cikin bashi, gwamnati ta karɓi nauyinsu a 1978, a ƙarshen shekarar kuma aka sanar da soke guraben aiki sama da dubu ashirin. Garuruwa irin su Longwy da Denain kusan kowane magidanci a cikinsu da masana'antar yake ci, uba da ɗa da kaka duk ƙofa ɗaya suka shiga. An yi arangama da 'yan sanda, kuma ranar 23 ga Maris 1979 ma'aikatan ƙarfe suka yi gagarumin tattaki a Paris. A lissafin tattalin arziki Barre yana da hujja, domin ana samar da ƙarfen da babu mai saye a farashin da zai biya kuɗin aikinsa. Sai dai lissafin bai tanadi amsar da za a ba mutum mai shekara hamsin da bai iya wata sana'a ba, kuma yadda firaministan yake magana a talabijin, kamar malami yana maimaita darasi ga ajin da ya ƙi ganewa, bai sanyaya zuciyar kowa ba.

Ga sakamakon. Har ya sauka gwamnatinsa ba ta karya darajar faran ba, ya kuma shigar da shi cikin sabon tsarin kuɗin Turai da Giscard da shugaban gwamnatin Jamus Helmut Schmidt suka assasa, wanda ya fara aiki a watan Maris 1979. Kasafin kuɗi ya kusa daidaita a 1980, bashin gwamnati kuma yana wajen kashi 21 cikin 100 na abin da ƙasar take samarwa a shekara, alhali yau ya haura kashi 100. Amma hauhawar farashin da aka ɗauko shi ya murƙushe ba ta sauka ƙasa da kashi 9 ba, da juyin juya halin Iran na 1979 ya sake ninka farashin mai kuwa sai ta haura kashi 13 a 1980. Dalili ɗaya shi ne albashi a lokacin yana bin farashi ne kai tsaye, farashi ya tashi albashi ya bi shi, albashi ya tashi farashi ya sake tashi, kuma bai sami ƙarfin siyasar da zai tsinke wannan igiya ba. Marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya da rabi. Jam'iyyar da Chirac ya kafa, wadda ake lissafa ta a ɓangaren gwamnati, ta riƙa yi masa zagon ƙasa a majalisa, har sai da ya yi amfani da sashe na 49 na tsarin mulki, wanda yake ba gwamnati damar zartar da doka ba tare da ƙuri'a ba, kafin kasafin 1980 ya wuce. Ranar 10 ga Mayu 1981 François Mitterrand ya kayar da Giscard, Barre ya sauka yana cikin firaministocin da jama'a suka fi ƙi.

Akwai kuma tabon da bai kamata a ɓoye ba. Ranar 3 ga Oktoba 1980 bam ya tashi a bakin wata majami'ar Yahudawa da ke titin Copernic a Paris, mutum huɗu suka mutu. Da yake tir da harin, ya ce an nufi Yahudawan da suke zuwa ibada ne, amma abin ya faɗa kan Faransawa marasa laifi da suke wucewa, jama'a kuwa suka ji maganar tamkar Yahudawan ba Faransawa marasa laifi ba ne. A wata hira da rediyo a 2007, watanni kaɗan kafin mutuwarsa, bai nuna nadama ba, har ma ya kare Maurice Papon, tsohon ministansa na kasafi, wanda kotu ta samu a 1998 da hannu a tisa ƙeyar Yahudawa zuwa sansanonin 'yan Nazi. Ilminsa na tattalin arziki bai wanke shi daga wannan ba.

Bayan 1981 ya koma koyarwa yana kuma riƙe da kujerarsa ta majalisa. Abin da ya dawo masa da martaba shi ne abin da magadansa suka yi: gwamnatin Mitterrand ta buɗe bakin aljihu, aka karya darajar faran sau uku tsakanin Oktoba 1981 da Maris 1983, sannan ita da kanta ta koma tsuke bakin aljihu, ta kuma raba albashi da farashi, abin da ƙungiyoyin ƙwadago suka fi iya haɗiyewa daga hannun gwamnatin da suka zaɓa. Zuwa 1986, da taimakon faɗuwar farashin mai, hauhawar farashi ta sauka ƙasa da kashi 3. Barre ya nemi shugabancin ƙasa a 1988, yana kwatanta kansa da kunkurun da ya riga zomo isa, amma bai taɓa yankar katin wata jam'iyya ba, Chirac kuwa yana da jam'iyya mai rassa a ko'ina. Ya zo na uku da kashi 16.5 cikin 100. Ya yi magajin garin Liyon daga 1995 zuwa 2001, ya mutu a Paris ranar 25 ga Agusta 2007.

Idan kika koma ajinku, abin da zan so ki faɗa musu shi ne Barre ya gano ciwon daidai, kuma tarihin shekarun da suka biyo baya ya gaskata shi a kan darajar kuɗi da kasafi, amma maganin yana buƙatar yardar ma'aikata da 'yan majalisa da masu jefa ƙuri'a, shi kuwa wannan yarda ce bai iya nema ba, sau da yawa ma ya nuna kamar neman ta ƙasƙanci ne. A ganina aikinsa mafi ɗorewa ba a ofishin firaminista ya yi shi ba, a Brussels ya yi shi da kuma cikin littafinsa, wato wuraren da hujja kaɗai take isa ta ci gardama.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, na fi shekara arba'in ina fatauci tsakanin nan da Katsina da Kano. Na ji a rediyo ana cewa wani tsohon firaministan Faransa mai suna Barre yana cikin waɗanda suka share wa kuɗin yuro hanya. To, tunda sefarmu a ɗaure take da yuro, shi ne ya ɗaure ta? Kuma yana da hannu a karya darajar sefa ta 1994, wadda har yau ban manta da ita ba?

AMSA: Alhaji, muna amsawa, Allah ya ƙara girma. Ba shi ne ya ɗaure ta ba, kuma ba shi da hannu a hukuncin 1994. An ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945, lokacin Barre yana saurayi bai ma iso Paris ba, kuma tun ranar farko a jingine take da faran na Faransa. Daga 1960 faran ɗaya yana daidai da sefa 50, wato jikka ɗaya, sefa 1,000, faran 20 ke nan, kuma haka aka zauna a duk tsawon mulkinsa.

Amma akwai alaƙa ta gaskiya, kuma kun fi mu sanin ta a aikace. Tunda sefa tana bin faran ne kamar raƙumi da akala, duk abin da ya sami faran a kasuwar canji ya sami kuɗin da ke aljihunku. Da aka karya darajar faran a 1969, da kuma sau uku a farkon shekarun 1980, sefa ta sauka tare da shi a gaban sauran kuɗaɗen da ya sauka a gabansu. Da Faransa ta rungumi manufar riƙe faran da ƙarfi kusa da mak na Jamus, manufar da Barre ya yi ta kira a kai kuma magadansa suka ɗore a kanta daga 1983, sefa ita ma ta yi ƙarfi. Wannan ƙarfi ya zo a daidai lokacin da farashin yuraniyom da auduga da koko ya faɗi a kasuwar duniya, Najeriya kuma ta fara karya darajar naira daga 1986. Za ku tuna yadda kayan Kano suka yi arha a kasuwar Maraɗi a wancan lokaci, mai sefa ya tsallaka iyaka ya cika mota, yayin da abin da ake yi a Nijar ya rasa mai saye, baitulmali kuma ya kasa biyan albashi a kan kari.

Wannan matsi ne ya kai ga taron Dakar na watan Janairu 1994, inda aka sanar da cewa faran ɗaya ya koma sefa 100, jikkar da take faran 20 ta kwana ta tashi faran 10. A lokacin Mitterrand ne shugaban Faransa, Édouard Balladur ne firaminista, Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuma, wanda wani Bafaranshe mai suna Michel Camdessus yake shugabanta, yana cikin waɗanda suka matsa a yi. Barre ɗan majalisa ne kawai, shekara goma sha uku ke nan rabonsa da gwamnati.

Abin da kuka ji a rediyo game da yuro gaskiya ne: takardarsa ta 1969, da rahoton Werner na 1970, da tsarin kuɗin Turai na 1979 su ne matakalar da aka taka har aka kai ga yuro ranar 1 ga Janairu 1999. A wannan rana aka tsayar da cewa yuro ɗaya faran 6.55957 ne, kuma tunda faran ɗaya sefa 100 ne, sai aka ninka, aka sami sefa 655.957 a kan kowane yuro. Gyaran da aka sanar a Abijan a watan Disamba na 2019 ya ɗauke wa babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke Dakar wajibcin ajiye rabin kuɗin ajiyarsa a baitulmalin Faransa, amma bai taɓa wannan adadi ba, shi ya sa har yanzu jikkarku ɗaya take daidai da yuro ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya.